Adalcin Alhaji Tukur

Rifkatu 'yar Zonkwa ta shekara goma sha ɗaya a sashen sito na wani kamfanin casar shinkafa, kuma duk wanda ya taɓa zama shugabanta ita ta koya masa aikin. Yaro zai zo bai san inda ake ajiye makulli ba, ta sha wahalarsa wata uku, a na huɗu ta wayi gari tana ce masa oga. Manajan reshen, Alhaji Tukur, mutum ne mai zumunci, Allah ya sani. In ka ji ana gaishe shi da safe, rabin ofis Kawu suke cewa, rabi Baffa. Rifkatu ce kaɗai mai cewa ranka ya daɗe, shi ya sa ba a ɗaukar hoton kalanda sai an sa ta a tsakiya.

Da kujerar shugaban sito ta sake zama babu kowa, sai ga labari wata Hajiya Bilkisu za ta zo daga hedikwata ta duba ko ana damawa da kowa a reshen. Alhaji ya kira Rifkatu, har da ba ta kujera ta zauna, ya ce in ta yi magana mai daɗi gaban baƙuwa, to sito ya zama nata. Baiwar Allah har sabuwar atamfa ta ɗinka.

Ranar da baƙuwar ta iso, Rifkatu ta shiga sito ta tarar da ƙanen matar Alhaji a kan kujerar, yana tambayarta ina ake kunna fanka. Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ta kunna masa.

A ɗakin taro Alhaji ya buɗe baki, ya ce shi a wajensa ɗan Adam ɗan Adam ne, ba ya tambayar gari balle yare. 'Yan Kawu da 'yan Baffa suka tafa. Ya nuna Rifkatu ya ce, “Ga shaida nan, a tambaye ta.”

Hajiya Bilkisu ta ɗauki biro ta ce, “'Yar'uwa, da gaske ba ya wariya?”

Rifkatu ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, “Ko kaɗan, Hajiya. Dangin uwarsa shida, dangin ubansa shida. Yau ma da ya ga an bar dangin matarsa a baya, bai yarda an kwana da zaluncin ba.”