Kuɗin Ruwanmu Sun Tafi Lyon

Ranar Juma'a na isa ɗan masallacinmu na Sevran, a gefen birnin Paris, na tarar da makewayi yadda yake tun kafin azumi: ƙofa ɗaure da igiya, ruwa na bin ƙasa. Ni dai da sauƙi. Baba Illo ne abin tausayi, tsohon da ciwon suga ya hana alwalarsa daɗewa. Kafin ya dogara sanda zuwa gida ya dawo, liman ya sallame.

Ga yadda abin ya faro. Ƙungiyarmu ta 'yan ƙasa tana da asusun kai gawa gida, banki kuma na ɗora masa kuɗin ruwa ko ba a roƙa ba. Muka tambayi Malam Hassoumi. Ya ce haramun ne a ci su, sai dai a zuba su inda jama'a za su amfana, kamar gyaran makewayi. Samari suka tambayi kashbak, wato ɗan abin da katin banki ke maido maka bayan sayayya. Ya ce wannan rangwame ne, halas, muddin babu ruwa a ciki.

Ran nan Baba Illo har bankin ya sa wa albarka.

Amma Mai Girma Perzidan, wato shugaban ƙungiya, Allah ya ƙara masa taƙawa, ya ce harkar addini ba a yi mata gaggawa, sai an ji ta bakin malami na biyu. Kaf Paris ba a samu ba, sai Lyon. Shi da Mai Girma Ma'aji suka sadaukar da kansu, suka hau jirgin ƙasa.

Bayan sun dawo na tare maƙwabcina Mounkaila, wanda ƙanensa ke da shago a Guillotière, can Lyon.

"Me malamin ya ce?"

"Abin da Malam Hassoumi ya faɗa, ba ragi ba ƙari."

"Alhamdu lillahi. Sai gyara ke nan."

"Da me? Kuɗin ruwan ai su suka biya jirgi da otel. Ƙanena ya gan su gaban gasasshen rago, Perzidan har ya kwance agogo."

"To ba an ce kar a ci ba?"

"Perzidan ya ce ba ci ba ne, neman ilimi ne. Kuma da katinsa ya biya, asusu ya mayar masa. Kashbak ɗin ya shiga aljihunsa."

"Wannan fa?"

"Halas. Malamai biyu sun tabbatar."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma dole in yaba. Ba kowane shugaba ke iya raba halas da haram haka ba, ɗaya a aljihu, ɗaya a ciki.

Na samu Baba Illo a ƙofar masallaci, ya sake rasa jam'i. Na kwashe labari na gaya masa. Sai ya ce, "Ɗana, kar ka ɗauki alhakinsu. Malam ya ce kuɗin su ƙare a makewayi, kuma can suka ƙare. Bai dai faɗi na wane gari ba."