Yadda Za Ki Adana Muryar Mijinki a Rediyon Maƙwabta

Ke 'yar'uwa da maigida ya rasu ya bar miki kaset, matso kusa. Ki bi matakan nan, na ba ki tabbaci muryarsa ba za ta ɓata ba. Ni gwana ce. Mijina Meshak, shugaban mawaƙan cocinmu a Kafanchan, kwali guda na kaset ya bar mini.

1. Ki gano na gaskiya

Waƙar Kirsimeti ɗaya ya yi ta gyarawa. Duk gyara sai sabon kaset, a jikin kowanne kuma ya rubuta "na ƙarshe". Kada ki yarda, namiji bai san ƙarshe ba. Ki ture waɗanda muryarsa ta nutse cikin ta jama'a, ki nemi wanda yake faɗa a ciki. Guda ɗaya tak na samu. Waƙar kaɗan ce, saura duk "Masu alto, yunwa kuke ji ne?"

2. Ki saurara har zaren kaset ɗin ya gaji

Safe da yamma. Sai muryar ta fara rawa kamar ta mai zazzaɓi, sannan ki tuna da kwafi. Mai hankali ba ta gyara rufi sai ruwa ya sauko.

3. Ki gwada rediyon kowa

Rediyo kowanne da halinsa. Na maƙwabciyata Afiniki gudu yake, Meshak ya koma 'yar yarinya. Na Hajiya Binta mai hatsi batirinsa ya yi sanyi, ya koma bijimi.

"Maman Doreen, dama haka Malam yake gurnani a gida?" in ji Hajiya.

"Sai ran da gishiri ya yi kaɗan, Hajiya."

4. Ki guji mai kwafi na kasuwa

Badruddeen yana da na'ura mai baki biyu, aikinsa tas. Amma cewa ya yi, "Mama, ki bar shi, ki dawo gobe." In bar mijina ya kwana a kasuwa? Da ransa ma ban yarda ba.

5. Ki yi abinki da kanki

Ki aro rediyo biyu, ki haɗa su baki da baki. Ɗaya ya yi magana, ɗaya ya ɗauka. Ki rufe ƙofa, ki kori kaji, ki yi shiru.

Shirun ne aikin. Ni 'yar alto ce, cikin matan da ke rera waƙa da murya ƙasa-ƙasa. Da ya ce, "Wa ke jan waƙar nan kamar mai hawan dutse?" sai na ji bakina ya ce, "Ni ce, ka yi abin da za ka yi." Da ya yi tari, na ce, "Ka sha maganinka kuwa?"

Daf da ƙarewa rediyon Afiniki ya tauna zaren na asali. Na sa biro na naɗe shi, na liƙa da jan farce, a banza. Kwafin ne ya rage, da muryata a ciki. Yana faɗa, ina ramawa. Yana tari, ina tambaya, shi kuwa sai ya ce, "Mu sake daga farko."

Gargaɗi

In zare ya tsinke, in Afiniki ta daina ba ki aro, in an kai wa Baba Fasto ƙara cewa kina gardama da mamaci, babu ruwana. In kuma kin tambaye shi ya ƙi amsawa, kada ki zo wurina. Ni ma har yau jira nake.