Rasuwar Ƙyauren da Bai Taɓa Cewa Kowa Ya Shigo Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ya fi baƙin cikin yawa, ni Nastasia Bledea, tsohuwar malamar kimiyya, nake sanar da rasuwar Ƙyauren gidana, wanda ajali ya riska ranar Talata a hannun kafintoci biyu da zarto mai lantarki.

Marigayin ɗan asalin dajin saman dutse ne. Kakana ya saro shi, ya sassaƙa masa rana a goshi, ya kafa shi, tun daga nan bai bar bakin aikinsa ba. Ba shi da surutu. Iyakar maganarsa "ƙiiii" idan an tura shi, sai "garam" idan na gama da baƙo. Bai taɓa cewa kowa ya shigo ba, wannan kuwa ita ce babbar falalarsa.

Kowa a yankinmu na Maramureș ya san cewa mataccen da ya ƙi zaman kabari, ya tashi shan jinin mutane, ba ya ƙetare dokin ƙofa sai an gayyace shi. Cikin tarin shirmen da tsofaffi suka bar mana, wannan kaɗai na gwada na same shi gaskiya. Tafarnuwa? Mijina Gavril, tun da ya mutu ya taso, shi ke cinye wadda nake ratayewa. Ruwan coci? Limaminmu ya yayyafa masa, Gavril ya ce a ƙara, ana zafi. Amma Ƙyaure, shekara da shekaru Gavril na tsaye a bayansa cikin kwat ɗin da aka binne shi da ita, yana cewa, "Nasta, buɗe mana, ni ne fa." Ni kuwa in ce, "Ai don kai ne." Aurenmu bai taɓa daɗi kamar a waɗannan shekarun ba.

Ciwon ajalin daga Italiya ya zo, cikin motar ɗana Dorel, injiniya.

"Mama, mutane dariya suke mana. Gidan injiniya guda da ƙyauren kakan kaka!"

Waɗannan mutane masu dariya ban taɓa ganin ko ɗaya ba, amma su ke mulkin ƙasar nan. Ya kawo ƙofar gilashi mai buɗe kanta, da muryar wata yarinya marar kamun kai da ke ce wa kowa, "Barka da zuwa, a shigo."

Na ce, "Dorel, ka tuna ubanka."

"Haba Mama! Idon ƙofar nan ba ya ganin abin da babu ɗumi a jikinsa. Ke da kika koyar da kimiyya!"

Gaskiyarsa, ba ta ga Gavril ba. Amma ta ga agwagwar maƙwabta. Ta buɗe mata, ta yi mata maraba cikin ladabi, Gavril ya biyo bayan agwagwa yana gyara hula.

Yanzu haka yana kwance a gadona da takalmi. Bai taɓa jinina ba, ya ce tun yana raye ya san ɗaci gare shi. Sai dai ya ɗora daga inda mutuwa ta katse masa magana, wai tuwon masarata da gudaji, ba kamar na uwarsa ba. Ya kuma gayyato abokansa na maƙabarta, suna karta a teburina. Dorel har murna yake, wai masu yawon buɗe ido za su so hoto da Baba. Na ce, "Ba ya fitowa a hoto, shashasha."

Marigayin ya bar sakata ɗaya, da mabuɗin da ya rasa abin buɗewa, da tsohuwa ɗaya da ta rasa ɗakinta.

Ina godiya ga waɗanda suka zo ta'aziyya, gwargwadon abin da suka cancanta. Saveta, mayyar unguwarmu, ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, kwantar da hankalinki, zan turo miki tsari ta waya, yanzu haka muke yi." Kakarta daga ɗaka take tatse shanun ƙauye uku, jikar kuwa ko atishawa ba ta iya sa mutum idan caji ya ƙare. Dattawan ƙungiyar raya al'ada ma sun zo sun zubar da hawaye, su da suka riga kowa sayar wa otal-otal da nasu ƙyamaren.

An yanka gawar don a yi teburin baƙi, amma na tsira da guntu, kamu ɗaya, na fere bakinsa da wuƙar girki. An ce turke a zuciya yana kwantar da irin su Gavril har abada. Ban yarda da "an ce" ba sai na gwada.

Saboda haka za a binne marigayin ranar Asabar da tsakar rana, lokacin da Gavril ke minshari, a ƙirjin Gavril ɗin, ɓangaren hagu. Mai zuwa ya bar furanni a gida, ya taho da guduma. Idan an tona ba a sami zuciya a hagu ba, abin da ba zai ba ni mamaki ba, za a ci gaba da jana'iza a dama.