Ihun Kaz na Bana

Jama'a, yau Asabar tayar motata ta yi bindiga a ramin nan na Titin Filin Wasa, wanda ke gaban tsohon gidan burodi. Kun san shi, don babu mai mota a garin nan da bai taɓa kai masa gaisuwa ba. Shekararsa tara a wurin, har ya tara iyali, ƙananan ramuka uku sun kewaye shi. Na buɗe but na tarar safayar ma ba iska. Da ni kaɗai ne da sauƙi, to amma ina ɗauke da maƙwabcina Casimir Dombrowski, wanda duk unguwa ke kira Kaz, da matarsa Loretta, kuma saura minti arba'in a kira sunansa a gaban mutum dubu goma sha biyu. Haka muka bar motar a gefen titi muka ƙarasa mil ɗayan a ƙasa. Kaz mai shekara saba'in da huɗu yana gaba yana haki, cikin kwat ɗin da rabonsa da ita tun bikin 'yarsa.

Ba na so a ce na cika mita, amma titin nan yana cikin alkawuran da aka yi mana lokacin da za a gina filin. Magajin garinmu, Mai Girma Mai Almakashi, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, shi ya tsaya ya ce in muka yarda aka ƙara mana haraji a kan kofi da sigari, za a ba mu fili mai rufin da ke buɗewa ya rufe da kansa, da titi sumul, da bas har ƙofar gida. Muka yarda. Rufin ya motsa sau ɗaya, ranar da aka yanke ƙyallen buɗewa, ya maƙale a rabi, kuma cikin hikimar manya rabin da ya rufu shi ne na saman kujerunsu. Maganar bas kuwa an kafa mata kwamiti, na ji ma an ce kwamitin ya je Turai ya ga yadda bas take.

Ga wanda Allah ya hutar bai san wannan wahala ba, duk ƙarshen watan Afrilu ƙungiyoyin ƙwallonmu ta Amurka, wadda aka fi yi da hannu, kan ɗauki kwana uku suna zaɓen samarin da suka gama buga wa jami'o'i, bi da bi, har zagaye bakwai. Wadda ta fi kowa shan kashi bara ita ke fara zaɓa. Wannan ne layi ɗaya tak a ƙasar nan da mutanen garinmu ke tsayawa a sahun gaba.

Mu kuma muna da al'adarmu. Duk sunan da aka kira, ihu muke yi masa. Ba ma jiran mu san ko yaron ya iya ko bai iya ba, sau da yawa ba ma bari a gama faɗin sunan. Kuma ba wanda ke buɗe baki sai Kaz ya fara. Shekara talatin ya yi a masana'antar ƙarfe yana magana a kan ƙarar injina, saboda haka in ya cika ƙirji ya saki "Buuu!" har tantabarun rufin sai sun tashi. Shekara arba'in da ɗaya ke nan bai tsallake ko mutum ɗaya ba. Ɗan wasan nan da aka yi wa mutum-mutumi a ƙofar fili, wanda ya fi kowa a tarihinmu, shi ma Kaz ya yi masa ihu ranar da aka zaɓe shi, kuma har gobe bai yi nadama ba. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Wendell, ranar da muka tafa wa mutanen nan, washegari za su ƙara kuɗin tikiti."

To, makonni uku da suka wuce sai ga wasiƙa mai hatimin zinariya. Wai ƙungiya ta zaɓi Kaz a matsayin Gwarzon Masoyi na Bana, kuma shi zai hau dandamali ya karanta sunan wanda za a ɗauka a zagaye na shida. Ƙasan takardar ga sa hannun Mai Hangen Nesa, babban manajanmu, mutumin da ke hango shekara biyar nan gaba amma wasan Lahadi mai zuwa ya fi ƙarfin idonsa.

A shagon askin Otis aka baje maganar. Otis ya riƙe takardar da yatsu biyu kamar wanda ya tsinci mushen ɓera.

"Tsoho, an saye ka," ya ce. "Kuma da arha. Hula ɗaya da sosej kyauta."

"Wa ya isa ya saye ni?"

"To me ya sa ba su kira ni ba? Ko Wendell? Bakinka suke so su toshe. In kai ka karanta sunan, wa zai fara mana ihun? Sai mu tsaya muna kallon juna kamar tumaki."

Kaz ya miƙe da ƙyallen aski a wuya, rabin kansa a aske. "Ku saurare ni da kyau. Shekara tara ina cewa ƙato muke bukata, ƙaton gaske mai cin kaji biyu da safe, wanda zai tsaya gaban mai jefa mana ƙwallo ya tare masa mutane. Bara sau uku ana fitar da yaron nan ranga-ranga. In na buɗe katin nan na ga ba ƙato ba ne, na rantse da kabarin mahaifiyata, a cikin makirfonsu zan yi ihun. Lasifikar da muka saya musu da kuɗin kofinmu, ita za ta kai shi har bakin kogi."

Shago ya ɗauki tafi. Abin da ba su sani ba, ni na sani, don katanga ɗaya ce tsakanina da gidan Kaz kuma ba ta da kauri. Da ya koma gida Loretta ta tare shi. In ta kira shi da cikakken sunansa, to magana ta ƙare.

"Casimir, shekara arba'in da ɗaya ina wanke maka rigar ƙungiyar nan. Ko a coci in an nuna ni, cewa ake yi ga matar mai ihu. Sau ɗaya tak aka ce za a karrama ka, jikokinka za su kalla a talabijin, 'yar'uwata ta gayyaci maƙwabta. Ka kunyata ni a wurin nan, wallahi gareji za ka koma, kai da tsohuwar rediyonka."

Kun ga inda aka sa bawan Allah. In ya yi shiru, ya zama sayayye, ba shi da sauran kujera a shagon Otis. In ya yi ihu, gareji, kuma garejin Kaz ba shi da abin ɗumama ɗaki. Sati uku mutumin nan bai gama cin abincin da ke farantinsa ba. Gaskiya na tausaya masa.

Muka isa fili jiƙe da gumi, ana tsakiyar jawabai. Mai Almakashi ya yi minti ashirin yana bayanin yadda garinmu ya zama abin koyi a duniya, ya kuma yi albishir cewa za a duba maganar rufi. Mai Hangen Nesa ya karɓa ya yaba wa kansa kan mutum biyar da ya riga ya ɗauka tun ranar Alhamis. Na ba ku misali biyu kawai: akwai mai gudu kamar barewa wanda aka yi wa aikin gwiwa sau biyu, akwai kuma wani mai jefa ƙwallo, na uku ke nan a ƙungiyar, ina jin don a samu na canji in an kwashe na farko da na biyu. Ƙato ko ɗaya babu. Ya ce na'urarsa ce ta nuna masa haka. Ni dai na'urar nan ina so in gan ta ido da ido, in tambaye ta ko ta taɓa zama a kujerar da ruwan sama ke duka.

Aka kira Kaz. Ya hau dandamali, wata budurwa mai murmushin aiki ta ɗora masa sabuwar hula ta miƙa masa kati. Loretta ta damƙe hannuna har farcenta ya shige. Can sama, a kujerun arha, na hango Otis da mutanen shago sun miƙe tsaye, hannuwa a gefen baki, a shirye.

Kaz ya buɗe katin. Daga yadda gashin girarsa ya haɗe na san babu ƙato a ciki.

"A zagaye na shida," ya ce, "ƙungiyarmu ta ɗauki Ansel Guidry. Mai buga ƙwallo da ƙafa."

Kun dai san aikin wannan. Shi ne wanda ake kira idan mun gwada sau uku mun kasa matsawa gaba, ya zo ya narka wa abokan gaba ƙwallon can nesa su ci gaba da gashi. A nan kam dole in jinjina wa Mai Hangen Nesa, don karon farko ke nan da ya ɗauki mutum daidai da aikin da muka fi yi.

Kaz ya ja numfashi. Na ga ƙirjinsa ya taso, maɓallin kwat ɗin na neman tsinkewa. Loretta ta rufe ido. Daidai nan babban allon da ke gabansa ya canza hoto, aka nuno wani ɗan ƙaramin falo a can kudu, inda iyalin yaron ke zaune suna kallonmu kai tsaye. Yaron dogo ne siriri, ya dafe kai da hannu biyu. Amma ba shi Kaz ya kalla ba. Uban ya kalla, wani dattijo da kayan aiki a jikinsa, da alama daga masana'anta ya taho bai ko tsaya wanka ba. Ya durƙushe a gaban talabijin yana kuka wiwi, yana shafa allon da hannuwa baƙi ƙirin da mai. Fuskar Kaz yake shafawa, mutumin da ya kira sunan ɗansa.

Shekara arba'in da ɗaya Kaz yana yi wa sunaye ihu daga kujera ta saba'in a sama. Bai taɓa ganin wanda ihun ke sauka a kansa ba.

Fili ya yi tsit. Mutum dubu goma sha biyu baki a buɗe suna jiran tsoho ɗaya. Iskar na nan a ƙirjinsa, ta ƙi fita ta ƙi komawa. Can ya matso da makirfo, muryarsa ta yi ƙasa yadda ban taɓa ji ba.

"Yaro, barka da zuwa. Kai ba ka yi mana laifin komai ba. Ka zo da rigar sanyi mai kauri." Ya dubi uban. "Baba, tashi haka nan, ɗanka ya samu aiki."

Loretta ta buɗe ido tana share hawaye. Daga sama na ji Otis ya ƙwala, "An saye shi!"

Bai rufe baki ba Kaz ya juya wa allon baya. Ya fuskanci layin kujerun fata da ke gefen dandamali, inda Mai Almakashi da Mai Hangen Nesa da sauran manya ke zaune a ƙarƙashin rabin rufin da ya rufu. Ya cire sabuwar hular ya ajiye a ƙasa a hankali, ya nuna su da yatsa, sannan ya saki abin da ya tara.

Jama'a, lasifikar nan ta yi aikin kuɗinta. Maɓallin kwat ya yi tsalle ya faɗa cikin kofin wani babba. Kafin a kashe makirfon, fili gaba ɗaya ya juya ya ɗauka, kowa da yatsa a miƙe wuri guda. Ni kaina na yi har maƙogwarona ya dushe, na yi na rufi, na yi na bas, na yi na tayata. Mai Hangen Nesa ya sunkuya yana latsa waya kamar an kira shi. Mai Almakashi kuwa, Allah ya bar mana shi, miƙewa ya yi yana ɗaga mana hannu biyu yana murmushi, don shi duk ƙarar da ta fito daga bakin talaka yabo ce.

A ƙofar fita Otis ya taho yana sosa ƙeya.

"Tsoho, askin wata ukun nan kyauta ne."

"Ka fara ƙarasa na rannan, har yanzu gefe ɗaya ya fi tsawo."

Kaz ya saci kallon matarsa, don can ne shari'ar gaske take. Loretta ta daɗe tana duban inda maɓallin ya fita.

"Casimir," ta ce. Gabanmu ya faɗi. "Shekara arba'in da ɗaya kana ihu, sai yau ka gane inda ake aika shi. Wuce mu je gida in ɗinke maka rigar nan."

Muka sake takowa mil ɗayan nan. Da muka yi nisa, Kaz ya ce, ba tare da ya dube mu ba, "Yara ɗari biyu da wani abu na yi wa haka, Wendell. Kowannensu yana da uba." Na karɓi kwat ɗin na riƙe masa.

Da muka iso gaban tsohon gidan burodi, ramin na nan da iyalinsa cikin ƙoshin lafiya. Motata ce babu. Mai shagon kusa ya ce ko rabin awa ba mu yi da tafiya ba janwe ta zo ta ɗauke ta, wai ta tare hanya. Saboda haka duk mai cewa manyanmu ba sa aiki da sauri, ya zo ya same ni. Ina gida, don ba ni da abin fita.