Barkonon da Kuka Zuba Mana a Alewar Kirsimeti

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Alewar Brandvold da 'Ya'yansa, uban ɗakin likitocin haƙori na jihar Minnesota baki ɗaya.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta mai saye ga mai sayarwa, da fatan iyali suna lafiya, harshensu kuma bai kumbura ba. Sunana Ardis Halvorson. Tun ina amarya nake riƙe da teburin madarar cakulan a bikin Kirsimeti na cocinmu, abin da kuma ya sa ake layi a gabana shi ne ruwan alewata. Alewarku mai kan kwagiri nake farfasawa, in dafa da ruwa da sukari a wuta kaɗan har ta yi kauri, in tace, a zuba cokali guda a kowane kofi. Yanzu kwamitin mata zai zauna ranar Lahadi don ya karɓe teburin daga hannuna, albarkacinku. Ga koke-kokena.

Na ɗaya, ledar da kuke naɗe alewar da ita. Wane laifi alewar ta yi aka ɗaure ta haka? Na sa farce, na sa almakashi, na sa haƙoran da ba ma nawa ba ne. Wannan tsohon ciwo ne, na yafe.

Na biyu, wanda ban yafe ba. Yallaɓai, wane mai hikima ne a ofishinka ya tashi da safe ya ce abin da alewar na'a-na'a ta rasa shi ne barkono? Kuma da ya faɗa, ba a samu mai tausayin da zai ba shi kujera ya huta ba? Kun yi mai barkonon ja da fari sak irin ta kullum, kwali iri ɗaya, kuka jera su a kanta ɗaya, na ɗauko ta ban sani ba. An ce akwai gargaɗi a jiki. Na gan shi daga baya, da gilashin karatu biyu. Akwai kuma hoton harshen wuta, wanda duk mai hankali zai ɗauka kyandir ne, tunda Kirsimeti ake. Ina dafawa ina atishawa, na ce murar bana ta zo da wuri.

Na uku, kun san mutanen da kuka yi wa wannan aikin? Mu fa a garin nan, in aka ƙara albasa a miya sai a ce mai girkin tana da zafin hannu. Kuma ba ma faɗa wa mutum abincinsa bai yi ba, ko da zai kai mu asibiti. To, haka jama'ar coci suka bi layi suna karɓa suna sha, hawaye na zuba, kowa ya ajiye kofi ya ce mini, "Ardis, na bana daban ne." Ni kuma ina ta godiya ina ƙara musu cokali! Fasto ya shanye nasa don kada ya kunyata ni, ya hau zai yi addu'ar rufewa, sai bakinsa ke motsi ba murya. Mawaƙa suka tashi, aka yi baitin farko da tari. Tsoho Elmer Rustad, wanda bai yi sauri ba tun da aka sa masa ƙarfe a ƙugu, ya fita da gudu ya cusa fuska a cikin dusar ƙanƙara. Da ya dawo sai da ya zo ya yi mini godiya.

Darlene Knutson ce kaɗai ba ta sha ba, wai tana rage ƙiba. Ita ce kuma ta kawo shawarar a riƙa sayen ruwan alewa na kwalba daga kanti, a kuma ba ni hutu saboda shekaruna. Wata uku kacal na girme ta, Yallaɓai.

Na huɗu. Na san za ka tambayi abin da ya hana ni ɗanɗanawa, kwamitin ma ya tambaya. Likita ya raba ni da zaƙi tuntuni. Mijina Orville ne yake fasa alewar da guduma, shi ne kuma yake lasar cokali ya ce ta yi ko a ƙara wuta. A watan Maris muka binne shi. Bana ni na riƙe gudumar, da na ɗaga cokalin kuwa ba wanda zan miƙa wa, sai na ɗura a kwalabe kawai. Kwamitin bai ji wannan daga bakina ba, kuma ba zai ji ba, don kada su bar mini teburin saboda tausayi.

Saboda haka ba na neman kwalin alewa na ban-haƙuri, kada ma ka fara. Layi biyu nake so a takardar kamfani, kafin Lahadi, cewa ku ne kuka yi wa barkono shigar na'a-na'a, kuma mai ido lafiya ma zai iya ruɗewa. Na haɗo maka da kwalba ɗaya don ta taimaka maka wajen tunani. Cokali biyu ya isa, uku in kai ne ka sa hannu.

Ka yi mini wannan, ranka ya daɗe. Tun watan Maris, duk wanda ya tare ni a coci sai ya riƙe hannuna ya karkata kai ya tambaye ni yaya nake fama, na gaji har wuya. A bayan teburin nan ne kaɗai ba mai tambayata komai. Kofi kawai suke miƙo mini in cika.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare ka daga kayan kamfaninka.

Taka mai biyayya, har zuwa ranar Lahadi,

Ardis Halvorson