Rasuwar Giyar Keken Awara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Fujimaki mai awara na garin Onomichi nake sanar da rasuwar giyar kekena mai hawa uku, wadda ta shekara tara cikin cibiyar tayar baya ba ta taɓa neman ɗigon mai ba.

Marigayiya ƙirar ƙasarmu ce, mai tsabta, mai kunya. Kullum da sassafe takan haura da ni tudun haikali da akwati biyu na awara, ba a jin komai daga gare ta sai "tik, tik, tik". Ranar Litinin ta ce "ƙarrr" a tsakiyar tudu, na sauka na turo ta gida.

Na kai ta wurin Hoshino mai gyaran keke. Ya rusuna har sau uku, ya ce, "Ka yi haƙuri, Malam Fujimaki. Irin wannan ba a yi mata faci. Kayan cikin ake zarewa gaba ɗaya a sa sabo, kuma kamfani ya daina yin irin nata."

Abin da ya fi ƙona min rai yana kan teburinsa: giyar Kuwabara, mai awarar ƙarshen layinmu, ƙirar Ingila, gadon kakansa. Shekara sittin tana yoyon mai kamar hancin mai mura. An baje hanjinta a kan jarida, aka canja mata wata 'yar waya da ba ta kai farce ba, ta miƙe garau.

"Tawa ƙazama ce, amma tana yarda a duba ta," in ji Kuwabara, wanda ke tsaye a wurin yana jiran tasa. "Taka 'yar gayu, ga shi ta tafi da sirrinta."

Hassada nake yi, ba na ɓoyewa.

Ta rasu ta bar sarƙa, ƙararrawa, kwando mai lanƙwasa, da gidaje goma sha huɗu a kan tudu waɗanda tun ranar Talata awarar Kuwabara suke ci. Matar mai kula da haikali har cewa ta yi tasa ta fi laushi. Ƙarya ne.

Za a yi jana'iza ranar Laraba, ranar kwasar ƙarafa, da ƙarfe takwas na safe, cikin farar leda kamar yadda hukuma ta tanada. Wurin ajiyar yana saman tudu, gwiwata kuwa ba za ta kai ni ba. Kuwabara ne zai ɗauki gawar a kekensa, tunda a cewarsa hanyarsa ce yanzu.