Rasuwar Baƙar Manhaja, Kwana Tara Kafin Azumi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, Hajiya Ruƙayyatu Maccido, tsohuwar malamar lissafi a Illela, tana sanar da rasuwar manhajar da take rubuta shafin intanet na Islamiyyar gidansu da ita. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha ɗaya tana hidima.

Marigayiyar ba ta da ado: baƙar fuska, farin rubutu. Abin da aka buga mata shi take riƙewa, ba ƙari. In an yi kuskure ta ce "ƙit", ta yi shiru.

Jinya ta fara ranar da aka sabunta kwamfuta. Sai an taɓa ta sau uku take buɗewa, daga baya ko motsi. Ɗan Hajiya, Malam Nu'man, shugaban makarantar, ya kawo sabuwar manhaja ta gaje ta, wai duniya duk ta koma can. Hajiya dai ta sha ganin duniya ta tafi ta dawo.

Magajiyar akwai zaƙewa, kafin ka gama layi ta ƙarasa maka. Jadawalin sallah da mai gidan Hajiya, Malam Maccido, Allah ya jiƙansa, ya shekara yana aunawa da inuwar sanda da idonsa, ita ta ga ya cika tsawo. Ta miƙo ɗan gajeren layi mai ɗauko lokuta daga intanet, Malam Nu'man ya danna amincewa. Sai da Hajiya ta tsaya ƙofar gida riƙe da waya: shafi ya ce magariba ta yi, rana kuwa tana nan jawur kan hanyar Kalmalo. Ashe lokacin Kano ne, inda rana ke riga faɗuwa da kusan kwatan awa.

Marigayiyar ta bar fayiloli arba'in da biyu, da jadawalin asali a filashi. An mayar da shi shafin. Amma hoton wancan jadawalin mai lokacin Kano ya riga ya bi wayoyi har Garu da Konni, da sunan Malam Maccido a samansa, kuma ba wanda ya san hannu nawa ya shiga.

Za a goge marigayiyar daga kwamfuta gobe Alhamis bayan la'asar, a zauren makaranta. Babu zaman makoki. Mai son yin ta'aziyya ya bi gida-gida ya faɗa: bana kada kowa ya kai dabino baki sai ya fita waje ya ga rana ta faɗi.